A Salaga Sunansa Mai Sannu

"Ba zan ba Mai Sannu 'yata ba."

Alhaji Mahamudu bai ɗaga murya ba. Yana zaune a kan buzunsa a tsakar gida, carbi a hannu, bayansa kuma tulin sabuwar doya ce da aka sauke daga mota da safe.

Munawara tana durƙushe a gabansa, gwiwoyinta har sun fara zafi a kan siminti.

"Baba, sunansa Fadlullah."

"A Bawku ke nan. A Salaga sunansa Mai Sannu. Fita ƙofar gida ki tambayi duk wanda kika gani."

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga a kan zanenta. Ta san ba ƙarya ya yi ba.

Fadlullah ɗan Bawku ne, albasa yake sayarwa tare da kawunsa. A kasuwar Salaga suka haɗu, ranar da ya shiga shagon ɗinkinta neman a gyara masa aljihun riga. Sun daɗe tare ba wanda ya ce uffan. Alhaji da kansa ya taɓa yaba hankalinsa. Sai bara samarin zango, unguwar Hausawan Bawku, suka haɗu suka yi fim, suka ba Fadlullah matsayin mugun fim ɗin, wanda ake kira Mai Sannu.

Fim ɗin ƙarami ne, da waya biyu da kyamarar aro aka ɗauke shi. Amma ba zangon da bai shiga ba, daga Paga har Makango. Kuma ba don komai ba sai don mutum ɗaya.

Mai Sannu ba ya ihu, ba ya duka. Kullum cikin farar riga yake, yana cire takalmi a bakin ƙofa, yana tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da wansa ya rasu, sai ya zo ya karɓe gidan. Shi da kansa ya ɗaure wa matar mamacin kayanta, ya ɗora a kansa ya kai mata ƙofar gida. Ya koma ciki ya ɗebo ruwa a kofi, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Sannu, kin gaji. Sha ruwa, hanya da nisa."

Matar ta sha, ta ce ta gode. Shi kuma ya tura ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara, ya sa sakata.

Wannan wurin ne mata suka kasa mantawa. Shi ya sa ranar da manyan Fadlullah suka zo da shi gaisuwa gidan Alhaji, tun kafin su sauka daga mota Mma Zenabu mai koko ta hango shi, ta saki ludayi ta taso.

"Allah ya isa tsakaninmu da kai! Ka mayar wa marayu gidansu!"

Kafin a ankara matan layin sun cika ƙofar gida. Wata ta tofa yawu, wata ta janye jikarta daga kusa da shi. Alhaji Mahamudu, jikan fataken goro, wanda ba a taɓa jin hayaniya a ƙofarsa ba, ya tsaya yana kallo. Bai karɓi goron gaisuwar ba.

"Baba, wasa ne fa," in ji Munawara cikin kuka. "Rubuta masa aka yi, ya faɗa."

"Magana ake rubutawa. Wa ya rubuta masa idon nan? Wa ya rubuta masa murmushin?" Ya miƙe ya saɓa buzunsa. "Asabar za mu Yendi. Gwaggonki Damata ta ce a kawo mata shi ta gan shi. Abin da ta yanke shi ke nan. Ni nawa kin ji."

Da ya fita, Munawara ta rarrafa zuwa madafa, inda mahaifiyarta Mma Ayisha take tuƙa tuwo. Ta kifa kai a cinyarta.

"Mma, ke kin san shi. Kin ci abinci da shi a kwano ɗaya da yaran gidan nan. Ki yi wa Baba magana."

Mma Ayisha ta ajiye muciya, ta shafa kan 'yarta.

"Munawara, in tambaye ki. Yaron kirkin nan na fim ɗin, dogon nan mai babur da ya taimaki marayun, me sunansa?"

Munawara ta ɗago. Ta lalubi sunan a ranta, ya ɓace mata.

"Kin gani? Ke ma kin manta. Kowa ya manta. Ni tun ina budurwa nake kallon mugayen fim, masu jan ido, masu buga tebur. Dariya suke ba ni, don na san da an kashe kyamara za su je su sayi wake da shinkafa su ci. Wannan bai ba ni dariya ba. Da ya miƙa kofin nan, sai da na ji bayana ya yi sanyi. Bai yi kama da mai mugunta ba, 'yata. Ya yi kama da mutumin da ya yarda alheri yake yi."

"Ai iyawa ce, Mma."

"To a ina ya iya? Mai albasa ne, ba makarantar fim ya yi ba. Mutum ba ya zuba abin da babu a tulunsa."

"Ke ma kin juya mini baya ke nan?"

"Ban juya ba. Tsoro nake ji." Mma Ayisha ta dafa kafaɗarta. "Ina tsoron ranar da za ki yi masa laifi, ya ɗaure miki kaya yana murmushi, ki zo nan ki faɗa, kowa ya ce ƙarya kike, mutum mai ladabi haka."

Munawara ta fashe da sabon kuka.

"Kuma ki shirya," uwar ta ƙara da ƙasa-ƙasa. "Gwaggonki haka aka fitar da ita daga gidan mijinta lokacin da ya rasu, kina goye. An ce tun da ta kalli fim ɗin ba ta cin abincin kirki. Nazif ne ya kai mata a waya, ya zauna ya kunna mata."

Nazif. Munawara ta san shi sarai. Ɗan aminin Alhaji ne, yana aiki a wani ofis a Yendi, ɗakinsa na haya yana bayan gidan Gwaggo. Ya nemi aurenta tun kafin Fadlullah, ta ce ya yi haƙuri. Shi ne ya yanko wurin kofin ruwan ya tura wa dangi a waya, ya rubuta a ƙasa: ga surukinku.

Da la'asar, a shago, ta rufe ƙofa ta kira Fadlullah a waya. Tana jin hayaniyar kasuwar albasa a bayansa.

"Asabar ne," ta ce. "A Yendi, gidan Gwaggo."

"Na ji. Kawu ya faɗa mini. Za mu taso da asuba in hanya da lafiya."

"Fadlu."

"Na'am."

"A ina ka samo Mai Sannu?"

Ta ji ƙarar wani mai kura yana neman hanya a bayansa.

"Munawara, ke ma?"

"Kada ka ce ni ma! Ni ce nake tsayawa a gaban Baba, ni ce mata suke nunawa da baki in na je ɗiban ruwa. Na ce wa kowa wasa ne, na ce iyawa ce. Amma jiya Sadia ƙanwata ta kunna wurin kofin nan, na leƙa, wallahi ban ga ka ba. Na nemi mutumin da na sani a fuskar nan ban same shi ba. Ka faɗa mini, a ina ka samo shi?"

"Ba magana ce ta waya ba."

"Ka faɗa mini ko kaɗan ne."

"Zan faɗa a gaban manya, sau ɗaya. Ba zan iya faɗa sau biyu ba." Ya ja numfashi. "Muryarki ta dishe. Kin sha kuka yau. Sannu, kin..."

Ya katse kansa, amma ta riga ta ji.

Wayar ta suɓuce daga hannunta ta faɗa kan keken ɗinki. Kalma ce da kowa yake faɗa, ita ma ta faɗa wa mutum goma yau. Amma a bakinsa sai ta ji muryar Mai Sannu. Wayar ta yi ta ƙara. Ba ta ɗauka ba.

Ranar Asabar suka kama hanyar Yendi ta Bimbilla, ita da Alhaji da Mma Ayisha. Motar tana tsalle a ramuka. Munawara ta jingina kai da gilashi tana kallon gonakin doya suna wucewa, tana tambayar kanta abin da za ta yi in Gwaggo ta ce e. Wannan ya fi ba ta tsoro a kan in ta ce a'a.

A tashar Yendi, cikin babura da masu tallan ƙosai, Nazif ne ya tare su. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Alhaji, ya karɓi jakar Mma. Ya riga ya tsayar musu da keke mai ƙafa uku. Da iyayen suka yi gaba, ya rage tafiya ya jera da ita.

"Kin rame, Munawara."

"Lafiyata lau."

"Ni ban yi don in ɓata miki ba. Na nuna wa mutane abin da shi da kansa ya nuna wa duniya ne. Ko ni na sa masa farar rigar?"

"Ka kai wa tsohuwa abin da ka san zai tayar mata da ciwo."

"Na kai mata gaskiya." Ya gyara agogonsa. "Ni ba ni da fuska biyu. Yadda kika gan ni haka nake. In an gama yau, ɗakina yana nan, maganata tana nan."

Ta ƙara sauri ta cim ma iyayenta.

Gwaggo Damata yayar Alhaji ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi, shi ya sa har yau ba ya zama a kujera in tana ƙasa. Suka same ta a kan tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanta, ƙaramar tsohuwa mai farin mayafi. Ta amsa gaisuwarsu rabi da Hausa rabi da Dagbanci, yadda bakinta ya saba bayan shekarun da ta yi a Yendi. Ta dubi Munawara.

"Ina mutumin naki?"

"Suna hanya, Gwaggo."

Aka yi azahar, ba su zo ba. Aka kawo tuwo da miyar ayoyo, Munawara ta kasa kai loma. Ta kira wayarsa, a kashe. Kowa ya san hanyar Bawku ba kullum take da lafiya ba, amma ba wanda ya furta. Mma Ayisha tana ta jan carbi. Alhaji yana duban ƙofa, yana duban rana.

"Wataƙila ya yi tunani ne," in ji Nazif, wanda ya samu wuri ya zauna a gefen Alhaji kamar ɗan gida. "Irinsu ba sa son wurin da ba kyamara."

Munawara ta tashi ta zagaya bayan ɗaki, ta toshe baki da mayafi don kada a ji kukanta. Ita ce ta ƙi ɗaukar wayarsa. In wani abu ya same shi a hanya, abin da ya rage masa daga gare ta shi ne ƙarar wayar da ba a ɗauka ba.

Ana kiran la'asar aka yi sallama.

Ta leƙo. Fadlullah ne da kawunsa Malam Samed, jar ƙasa ta rufe su har gira. Motarsu ce ta lalace bayan Gushegu, suka ƙarasa a bayan motar gawayi. Bai sa farar riga ba, shuɗiya ya sa. A bakin tabarma ya tsaya ya dubi takalminsa, ya rasa yadda zai yi. In ya cire, ya zama Mai Sannu. In bai cire ba, ya zama marar kunya.

"Cire," in ji Gwaggo. "Ba kai ka fara cire takalmi a duniya ba. Matso nan in gan ka."

Ya matso ya durƙusa. Ta daɗe tana kallon fuskarsa. Munawara ta dawo ta zauna a bayan mahaifiyarta.

"Wa ya koya maka?"

"Ba wanda ya koya mini, Gwaggo. Mai shirya fim ɗin so ya yi in riƙe bulala, in jefa mata kaya waje, in zage ta. Muka gwada. Na ce masa ba haka ake yi ba."

"Kai ka san yadda ake yi ke nan."

"Na sani."

"A ina?"

Fadlullah ya dubi kawunsa. Malam Samed ya kau da kai.

"A gidanmu." Muryarsa ta yi ƙasa har sai da Alhaji ya karkato. "Ina yaro mahaifina ya saki mahaifiyata. Bai taɓa zaginta ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ranar, shi ya naɗe mata zannuwanta ɗaya bayan ɗaya. Shi ya ɗauki akwatin. Ni ina tsaye a tsakar gida da rake a hannu, ya ce mini in yi wa Mma sai da safe, za ta je hutawa. Da ya rufe ƙofar ya juyo, sai ya shafa mini kai ya ce in je in wanke hannu, abinci ya yi."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba.

"Ba ta sake kwana a gidan ba. Ta je wurin malamai, ta je wurin dangi. Duk wanda ta faɗa wa sai ya ce, wane? Mutumin da ko kaza ba ya kora da ƙarfi? Har ta rasu ana cewa ita ce ba ta da haƙuri. Da aka ba ni fim ɗin nan, sai na ce bari in nuna musu. Tafiyarsa ce, muryarsa ce, yadda yake riƙe kofi ne. Ban ƙara komai ba."

Mma Ayisha ta rufe fuska da mayafi.

Nazif ne ya fara magana.

"To, Baba, kun ji da bakinsa. Da muna cewa wasa ne. Ashe gado ne."

Alhaji ya dafa ƙasa zai tashi. "Yaya, magana ta ƙare. Malam Samed, ku yi haƙuri da wahalar hanya."

"Baba!" Munawara ba ta san lokacin da ta fito daga bayan uwarta ba. Ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Gwaggo ba. "Baba, da zai ɓoye, wa zai sani? Da ya ce a littafi ya karanta, ko a wani gari ya gani, da kun yarda. Ni ma na ji tsoronsa, wallahi na ji. Na ƙi ɗaukar wayarsa. Amma Mai Sannu ba zai shigo motar gawayi ya zo ya tona kansa a gaban mutane ba. Shi kullum rigarsa fara ce."

"Rufe mini baki," in ji Alhaji.

"Mahamudu, zauna," in ji Gwaggo.

Ya zauna.

Tsohuwar ba ta dubi kowa ba sai Fadlullah.

"Matan layin nan sun yi ta gardama a kan fim ɗinka. Suka ce wuri ɗaya kuka yi ƙarya. Suka ce ba macen da za a kora, a ba ta ruwa, ta sha. Sai dai ta watsa masa a fuska. Faɗa mini, uwarka ta sha?"

"Ta sha, Gwaggo."

"Ta ce me?"

"Ta ce ta gode."

Gwaggo Damata ta rufe ido. Hawaye suka biyo ramukan fuskarta.

"Ni ma na sha," ta ce. "Ƙanin mijina har tasha ya raka ni, ya zaɓa mini kujerar gaba don kada ƙafata ta yi ciwo. Ya sayo mini ruwa. Na sha, na ce Allah ya saka da alheri. Tun ranar nake jin kunyar kalmar nan. Ina cewa wace irin wawuya ce ni. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sai da na ga matar nan a waya ta ɗaga kofi, na ce ashe ba ni kaɗai ba ce."

Ta buɗe ido ta juya wurin ƙaninta.

"Ka tuna abin da ka ce mini da na iso Salaga da kayana?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Yaya, an daɗe."

"Ka ce, Yaya, mutumin nan mai ladabi ne, ko dai ke ce kika yi gaggawa? Ka tuna? To wannan yaron ya gani tun yana riƙe da rake, ya gane abin da kai da gemunka ba ka gane ba. Mai irin halin nan ba ya ganin kansa, Mahamudu. Wanda aka yi wa ne yake gani." Ta share fuska da gefen mayafi. "Kai kuma Nazif, da ka kunna mini, ina kuka kana kallon fuskata kana jiran in ce me. Na lura. Tashi ka je, na gode da ɗawainiya."

Nazif ya dubi Alhaji. Alhaji bai ɗago ba. Nazif ya ɗauki takalminsa ya fita, bai yi sallama ba.

"Ni na yarda da yaron nan," in ji Gwaggo. "Nawa ke nan."

Munawara ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Ta kama hannun mahaifiyarta ta matse. Amma Alhaji bai gama ba. Ya daɗe yana jan carbi, fuskarsa a ɗaure, irin ta mutumin da aka kunyata a gaban baƙi.

"Ba zan tsallake maganarki ba, Yaya. Amma ni ma uba ne. Bakin ɗa kaɗai muka ji." Ya dubi Fadlullah a karo na farko. "Mahaifin naka yana da rai?"

"Yana Paga, Baba."

"To neman aure ba da kawu kaɗai ake yi ba in uba yana raye. Ka kawo mini shi Salaga ranar Juma'a. In zauna da shi, in gan ku kusa da juna. In na ga abin da ka faɗa, zan san abin da zan yi. In kuwa na ga dattijon kirki ne ka tozarta a idon duniya, to wanda ya yi wa ubansa haka ba zai riƙe mini 'ya ba."

"Mahamudu..."

"Yaya, wannan kam ki bar mini."

Malam Samed ya buɗe baki zai yi magana, Fadlullah ya riga shi.

"Na ji, Baba. Zan kawo shi."

Da za su tafi neman masauki, Gwaggo ta ce Munawara ta raka su zaure. Malam Samed ya yi gaba ya ba su wuri. Suka tsaya, ita a jikin bango, shi a bakin ƙofa, babura suna wucewa a titi.

"Ka yafe mini," ta ce, hawaye suna zuba. "Na ƙi ɗaukar wayarka."

"Da ni ne ke, ni ma da ban ɗauka ba."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Ina tsoron ki dube ni ki gan shi. Ni kaina in zan aske gemu ba na daɗewa a gaban madubi." Ya goge ido da hannun rigarsa, jar ƙasa ta ɓata masa kunci. "Munawara, ban san abin da yake cikin jinina ba. Abin da na sani kawai, ranar da na ji ina yi miki magana da muryar nan, ki faɗa wa Gwaggo. Ita za ta yarda da ke."

"Daina faɗar haka." Ta share fuska. "Yanzu ya za mu yi? Zai zo kuwa? Bayan abin da ka yi, zai yarda ya taka maka har Salaga?"

Fadlullah ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Zai zo. Da murna ma. Zai riƙo wa Mma turmin atamfa, ya tambayi sunayen ƙannenki ɗaya bayan ɗaya. Kafin a sha shayi Baba zai ji kamar sun shekara da sanin juna."

Sai yanzu Munawara ta ga ramin da ke gabansu. In Alhaji ya ga dattijon kirki, Fadlullah ya zama maƙaryaci. In ya ga Mai Sannu, Fadlullah ya zama ɗan Mai Sannu.

"Amma ai yana fushi da kai," ta ce da sauri, kamar mai neman abin kamawa. "Ko bai ga fim ɗin ba?"

"Ya gani. Har sau biyu."

"Ya ce me?"

Fadlullah ya dubi titi, sannan ya dube ta.

"Ya kira ni ya sa mini albarka. Ya ce na yi ƙoƙari, har na sa shi hawaye saboda matar nan. Sannan ya ce, ɗana, faɗa mini tsakani da Allah, a ina ka taɓa ganin mugun mutum haka?"